Har Sai Tsako Ta Yi Magana

"Ba cewa na yi ki daina har abada ba, Tawa... na ɗan lokaci ne."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da goge ƙwan da ke hannunta da tsumma, ta saka shi a ramin kiret, ta ɗauki wani. Tun da suka dawo daga asibitin ƙauyen ta shige ɗakin ƙwai ta hau aiki, don ta san hannunta na tsayawa hawaye zai zubo.

"Magana fa nake miki."

"Na ji," ta ce da yarensa, wanda har yau yake mata nauyi a baki. Sai ta koma nata yaren, don fushi ba ya jiran mutum ya lalubo kalma. "Nas ɗin ba haka ta ce ba. Cewa ta yi a gwada yare ɗaya a gani, kuma tana faɗa tana latsa wayarta. Ko kallon kirki ba ta yi wa yarinyar ba."

Mijinta, Mai Kaji, ya sosa ƙeya. Rabin maganar ya kama, rabi ya wuce shi.

"A hankali mana, Tawa. Kin san yarenku ya fara gudu daga kunnena."

"To na wa za a ajiye? Naka ko nawa?"

Su duka sun san amsar. 'Yarsu, wadda yake kira Tsako saboda yadda take bin ƙafar uwarta duk inda ta sa, ta doshi shekara uku ba ta taɓa furta kalma ko ɗaya ba. Tana ji sarai, tana dariya, tana nuna abin da take so da ɗan yatsa, amma bakin nan gum. Sa'anninta a ƙauyen har rashin kunya sun iya.

Inuwa ta tare ƙofar ɗakin. Inna ce, mahaifiyar Mai Kaji, goye da Tsako.

"Baƙuwa," ta ce da ƙarfi, yadda ta saba yi mata magana kamar rashin jin yare kurumta ce. Shekara biyar ke nan da kawo ta gidan, har yanzu Baƙuwa take, domin sunanta na gaskiya ya gagari harshen mutanen garin, suka yi mata wanda ya fi musu sauƙi. "Ba ƙinki nake ba, Allah ya sani. Ƙanena bebe ne. Ni na goya shi, ni na riƙa dambe da yara a kansa, har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Yaya ba. Ba zan iya sake gani a jikata ba. Ke ki ja ta nan, mu mu ja ta can, ina harshen yarinya zai tsaya?"

Muryar tsohuwar ta karye a ƙarshe. Da faɗa ta zo da shi, da Baƙuwa ta san yadda za ta yi da ita. Amma me za ka ce wa tsohuwar da ke share ido da gefen zani?

Ta dubi mijinta. Idonsa roƙo ne zalla, irin kallon da ya sa ta baro uwa da dangi ta haye jirgi ta biyo shi.

"Har ta yi magana?" ta tambaya.

"Har ta yi magana, rabin raina. Tana buɗe baki shi ke nan. Na yi miki alkawari."

Ta gyaɗa kai, ta sake ɗaukar wani ƙwan.

*

Wanda ya san ta a gida ba zai yarda ita ce wannan ba. Aku mahaifiyarta take kiranta, don tun tana ƙarama idan ta fara zuba sai an toshe mata baki da abinci. A shagon yayanta take tsaron kaya lokacin da Mai Kaji ya je ƙasarsu aiki a wani kamfanin ƙyanƙyasar kaji. Kullum sai ya zo sayen sabulu, har ta tambaye shi ko cin sabulun yake. Ita ta koya masa yarensu, tana yi tana tsokanarsa, shi kuma yana kwaɓa kalmomin da gangan don ya ga ta riƙe ciki tana dariya. Da aikinsa ya ƙare ya ce ba zai iya tafiya ya bar wannan dariyar ba.

Bai yaudare ta ba, gaskiya ɗaya ce. Ya gaya mata ƙauye ne, ya gaya mata mota sau ɗaya take shiga a rana, ya gaya mata warin kashin kaji. Abin da bai gaya mata ba, don shi ma bai sani ba, shi ne mutum na iya ci ya ƙoshi, a yi masa sutura, a kwantar da shi a ɗaki mai kyau, amma ya wuni bai faɗi abin da ke ransa ko sau ɗaya ba.

Ta koyi yarensu iya ƙoƙarinta. Ta iya gaisuwa, ta iya ciniki da masu sarin ƙwai, ta san sunan kowace cutar kaji da maganinta. Amma wasa, da zolaya, da lallashi, waɗannan ba a koyonsu a ɗakin kaji. Idan matan maƙwabta suka zauna hira, kafin ta gama jera maganarta a zuci sun wuce zancen sun kama wani. Ta kan yi dariya idan ta ga suna yi, don kar a ce tana da girman kai.

Shi ya sa zuwan Tsako ya zame mata kamar an buɗe taga. Ta samu wanda za ta yi wa surutu. Tana tsintar ƙwai tana ba ta labarin layinsu, da mai gyaran takalmin da ke barci a kan aiki, da yadda Mama, mahaifiyarta, ta taɓa bin ɓera da muciya har cikin ɗakin maƙwabta. Wajen wanka kowane ɗan yatsan ƙafa da sunansa da laifin da ya yi. Tsako ta kan zuba mata ido tana wangale baki.

Yanzu duk an rufe wannan. Ranar farko ta zaunar da yarinyar a baho, ta buɗe baki, sai ta tuna. Ta laluba cikin yaren mijinta, abin da ta samo ke nan:

"Zauna. Rufe ido. Ɗaga hannu. Tashi."

Tsako ta miƙo mata ƙafa, tana jiran a kama babban yatsa a yi masa faɗa. Baƙuwa ta wanke ƙafar ta ajiye. Yarinyar ta sake miƙowa. Ta sake ajiyewa. A karo na uku Tsako ba ta miƙo ba, ta kama wasa da kumfa. Wannan abin ya yi wa Baƙuwa ciwo fiye da duk wata baƙar magana da aka taɓa gaya mata.

Yaro kuwa inda ake hira nan yake zuwa. A hankali Tsako ta koma gindin Inna, inda ake tatsuniya da waƙa da tafi. Inna ta duƙufa, ba dare ba rana, tana nuna mata abubuwa tana faɗin sunansu. Baƙuwa na daga ɗakin ƙwai tana jiyo su. Wani lokacin ta kan yi wa kajin magana da yarenta ƙasa-ƙasa idan tana zuba musu dusa, don su dai ba wanda ya damu ko harshensu zai rikice.

A duk gonar wuri ɗaya ne waya ke kamawa da kyau, bayan tankin ruwa, a kan wasu bulo da aka jibge. Nan take hawa duk ranar da motar ƙwai ta tafi, ta kira gida.

"Aku, ina kishiyar tawa?" haka Mama ke tsokanar jikarta. "Ba ni ita in ji ko ta fara zagina."

"Barci take, Mama."

"Kullum barci? Ke da kika hana unguwa sakat kin haifi mai barci? To me kika koya mata ta kira ni?"

"Tana nan koyo... kin san yaran yanzu."

"Ki gaya mata kakarta ta ajiye mata labarai cike da buhu. Ta yi sauri, ni ba yarinya ba ce."

Baƙuwa ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta sauya zancen zuwa ciwon ƙafar Mama. Kunya ta hana ta faɗin gaskiya, kuma ba ta so a ga baƙin mijinta a gidansu.

*

Bayan damina ta ɗauke Tsako ta yi magana. Da hantsi ne, a ɗakin ƙwai, kowa na nan ana jera kiret kafin mota ta iso. Yarinyar ta ɗauki ƙwai ɗaya da hannu biyu, ya suɓuce. Ta dubi ƙasa, ta dubi Inna.

"Ya fashe."

Sai Inna ta zube a kan gwiwa tana hamdala, Mai Kaji ya sure 'yarsa ya ɗaga ta sama yana dariya hawaye na bin gemunsa. Baƙuwa ta jingina da bango. Ta yi murna, murna ta gaske, har ta rasa inda za ta sa kanta.

"Kun gani ko?" Inna ta ce tana fyace hanci. "Kun ga abin da nake faɗa?"

Ko dabarar Inna ce ta yi aiki, ko lokacin yarinyar ne kawai ya yi, wannan sai Allah. Amma a gidan ba wanda ya tsaya tambaya, kuma wa zai yi musu da ƙwan da ya fashe a gaban kowa?

Da yamma Baƙuwa ta sami mijinta yana wanke mazubin ruwan kaji. Ta tsuguna kusa da shi, ta karɓi soson.

"Baban Tsako... ta yi magana."

"Ta yi, Tawa. Allah ya share mana hawaye."

"To yanzu fa?"

Bai dube ta ba. Ya ɗauraye mazubin da ya riga ya ɗauraye.

"Inna ta ce a ɗan bari bakin ya zauna tukuna. Kalma biyu ce fa kawai. Kar mu yi gaggawa ta koma gidan jiya."

"Ka yi min alkawari."

"Ban manta ba. Kaɗan za ki ƙara."

"Kaɗan ɗin nawa ne?"

"Haba rabin raina, so kike in je in ce wa Inna me? A ranar da take kukan farin ciki?"

Ya kama hannunta mai kumfa ya matse. Yana sonta, ba ta taɓa shakka ba. Shi ke tashi ya yi tsintar ƙwan asuba idan bayanta na ciwo, shi ya sa aka jibge bulon nan don ta daina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Sai dai mutum ne da bai iya ɓata wa kowa rai ba, kuma irin waɗannan mutanen, wanda ya fi su haƙuri shi suke bari ya ɗauki kayan.

Bakin Tsako kuwa ya zauna har ya miƙe ƙafa. Cikin 'yan watanni ta zama rediyon gidan. Surutun uwarta ta ɗauko kaf, sai dai da yaren kakarta yake fita. Ta kan zo da gudu ta zuba wa Baƙuwa labari, kalmomi na hawa kan juna, uwar na kama wasu wasu na zillewa.

"Sake faɗa... a hankali."

"Kai, ke ba kya ji," Tsako ta kan ce, ta juya ta nufi wurin Inna.

Wata rana matan maƙwabta suka zo sayen ƙwai masu tsaga, waɗanda ake karyar musu da kuɗi. Ɗaya ta ja kumatun yarinyar.

"'Yan mata, ina mamanki?"

Tsako ta nuna ɗakin ƙwai. "Baƙuwa tana ciki."

Matan suka kwashe da dariya har da tafawa. Inna ma ta dara, sannan ta ce, "Ke, Mama ake cewa, ja'ira." Ba wanda ya yi da mugunta. Baƙuwa ta fito da kiret a hannu tana murmushi, ta ƙirga musu ƙwansu, ta yi musu sai an jima. Da suka tafi ta shiga can ƙuryar ɗakin kaji inda kukansu ke rufe na kowa, ta yi nata.

*

Yayanta ne ya kira, ba ranar kiransu ba. Ta ga alamar kiran da ya kasa shigowa, ta ruga bayan tanki.

"Mama na asibiti," ya ce. "Zuciya ce. Likita bai ɓoye mana komai ba, Aku. Tana ta cewa a kira mata ke, kuma wai lallai sai ta ji muryar yarinyar nan. Ki kawo ta yanzu, tana farke."

Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta tarar da Tsako na wasa da murfin kwalba a tsakar gida, ta sunkuce ta. A hanya, tsakanin ɗakin kaji da tanki, ta shiga yi mata raɗa da yarenta, karo na farko bayan kusan shekara.

"Ki ce, Kaka sannu. Kalma biyu ce kawai, 'yar albarka. Kaka... sannu. Faɗa mu ji."

Tsako ta ware ido tana kallon bakinta.

"Kaka... sannu. Don Allah, Tsako."

"Me kike cewa?" yarinyar ta tambaya da yaren Inna. "Sauke ni, murfina."

Ta hau bulon da ita a kafaɗa, ta danna kira. Fuskar Mama ta bayyana, ta rame ta yi ƙanƙanuwa a kan matashin asibiti, da robar iska a hanci. Amma tana ganin yarinyar idonta ya kawo haske.

"Kishiyata. Yau dai na kama ki ido biyu. Dubi goshi, na gidanmu ne wannan. Zo ki gaya min, wa ya fi kyau tsakanina da ke?"

Tsako ta leƙa wayar, ta juyo ga uwarta.

"Wace ce wannan tsohuwar? Me ya sa take magana haka?"

"Me ta ce?" Mama ta tambaya tana murmushi. "Na ji bakin da zaƙi. Fassara min."

Baƙuwa ta ƙaƙalo murmushi. "Ta ce... ta ce tana gaishe ki. Wai kin fi ta kyau."

Tsako ta zame daga jikinta ta sauka, ta ruga neman murfinta. Mama ta bi ta da ido har ta fita daga hoton, sannan ta dawo da kallonta kan 'yarta. Ta daɗe tana kallonta.

"Aku, ni na haife ki fa."

"Mama..."

"Ba ta jin maganarmu, ko?"

Baƙuwa ta girgiza kai, hawaye na ɗiga a kan wayar. Ta so ta yi bayani, nas da Inna da ƙanen Inna da alkawari, amma ta rasa ta inda za ta kamo.

"Bar kuka, ba faɗa zan miki ba. Muryarta taki ce sak, na ji wannan, ya ishe ni." Mama ta numfasa da ƙyar. "Ke nake ji. Tun ɗazu kina magana kina tsayawa neman kalma. Ke, Aku. Da wa kike hira a garin nan?"

"Ina da mutane, Mama. Suna kula da ni."

"Na san ana ba ki abinci, na ga kumatu. Cewa na yi da wa kike hira?"

Hoton ya tsaya cak, fuskar Mama ta daskare da baki a buɗe, sannan kiran ya yanke. Ta yi ta sake kira har rana ta yi sanyi, bai shiga ba.

Mai Kaji bai yi wasa ba da ya ji. Ya ce zai sayar da tsofaffin kajin da suka rage ƙwai ya haɗa mata kuɗin jirgi, ya shiga kiran dillalai a ranar. Amma dillali sai ya ga dama yake zuwa ƙauye, kuma takardun tafiya a birni ake yinsu. Ana cikin wannan kai da kawo, wata safiya tana tsakiyar zuba dusa, ya shigo ɗakin kajin da wayarsa a hannu. Yaya ya kasa samunta, shi ya samu. Ya karɓi bokitin daga hannunta ya ajiye, ya rungume ta.

*

Mutanen ƙauyen sun yi mata kara. Mata suka cika tsakar gida, kowace ta zo ta durƙusa ta yi mata gaisuwa, ita kuma tana amsawa da 'yan kalmomin da ta haddace. Inna ta hana ta taɓa ko tsinke, ita ke kawo mata ruwa har ɗaki, ta zauna ta dafa bayanta. Sai dai a cikin duk masu gaisuwar nan ba wanda ya taɓa ganin Mama. Ba wanda zai ce, kin tuna ranar da ta yi kaza? Rasuwar wata tsohuwa ce a wata ƙasa, Allah ya ji ƙanta, sai a koma zancen tsadar dusa.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, tana zaune a bakin gado da rana tsaka, ta jiyo muryar mijinta a tsakar gida. Ba ta taɓa jin ya yi wa mahaifiyarsa magana da irin wannan muryar ba. Ba tsawa ba ce, rawa take.

"Inna, matar nan ta mutu ba ta ji kalma ɗaya daga bakin jikarta ba. Ni na jawo. Na ce har ta yi magana, ta yi, na ƙara ce mata kaɗan. Ki yafe ni, amma yau na janye."

Sannan Inna ta ce, ƙasa-ƙasa yadda ba ta saba ba, "Ni tsoro ne ya sa ni, ɗan nan. Ban san zai kai haka ba. Kai mata ita."

Ya shigo riƙe da hannun Tsako, ya tsaya da ita a gaban uwarta, ya tsuguna.

"Tawa, ga ta. Yi mata magana da yarenki. Yau, gobe, kullum. Ba mai sake hana ki."

Baƙuwa ta dubi 'yarta. Goshin gidansu, gaskiyar Mama. Ta kamo ƙananan hannayen, ta buɗe baki, sai maganar ta ɓalle kamar an cire toshiyar famfo. Ta ce mata 'yar lelena, hasken idona, kakarki ta tafi, wadda ta ce kin yi goshinmu, ta ajiye miki labarai cike da buhu ba ki karɓa ba, zo in ba ki, ni na san su duka. Tana faɗa tana kuka, tana jawo yarinyar jikinta.

Tsako ta ƙame. Ba ta san wannan matar mai zuba baƙin sauti da jajayen idanu ba. Leɓenta ya fara rawa. Ta fizge hannu ɗaya ta ɗora a kan bakin uwarta ta danne.

"Daina. Yi magana mai kyau."

"Tsako, Mamanki ce fa," uban ya ce. "Tsaya ki ji..."

"Ba na so! Inna!"

Ta ƙwace ta fita da gudu, kukanta na tashi a tsakar gida, suna jin Inna na lallashinta. Baƙuwa ta bi ƙofar da kallo, hannayenta a buɗe a kan cinya yadda yarinyar ta bar su.

"Za ta saba," Mai Kaji ya ce. "Yarinya ce, za ta koya. A hankali za mu..."

"Wataƙila," ta ce da yarensa. "Amma Mama ba ji."

Bai gyara mata maganar ba, bai kuma sake cewa komai a kan gobe ba. Ya zame ya zauna a ƙasa dirshan, ya jingina kansa da gwiwarta kamar yaron da ya yi laifi. Can ya ɗago, ya haɗo kalmomin yarenta da suka rage masa, a karkace, a gutsuttsure.

"Faɗa... ni. Mama. Labari duka."

"Ba za ka gane ba. Ko rabi."

"Na sani. Faɗa."

Ta dube shi ta cikin hawaye. A waje motar ƙwai ta iso tana ta hon, ba wanda ya jera kiret ko ɗaya. Bai motsa ba.

Sai ta fara, daga gidan da aka haifi Mama. Tana yi muryarta na sarƙewa tana warwarewa, har ta kama gudu irin na da. Yana kallon bakinta, yana gyaɗa kai a inda bai kamata ba. Da ta zo wani wuri mai ban dariya ta yi dariya cikin kuka, shi ma ya yi, a makare, don ya ga ta yi. Ta lura, ta san wannan dariyar sarai, ita ta kusa shekara shida tana yin irinta.

Ta dafa kansa, ta ci gaba da ba shi labarin.